Mai Kwando Ya Nemi Kujera

A cikin manyan attajiran da zamani ya yi wa rowar suna, babu kamar Mai Kwando. Ka duba jaridu kaf, ba za ka ga hotonsa ba, kuma laifin 'yan jarida ne. Mutum ne mai hannu a bankuna, da kamfanonin waya, da na siminti, da na sabulu, har da na jiragen sama. Amma don tsabar tawali'u, har gobe motar haya yake hawa, kuma ba ya sauka sai kwandasta ya cika masa canjinsa.

Kafin arziki ya same shi, shi ne mai riƙe da makullin sito a wani ofishi. Lokacin nan ko biro mutum yake so, sai ya ƙwanƙwasa ƙofarsa, ya gaishe shi, ya tambayi lafiyar iyali, sannan a ce ya dawo gobe. Ranar da ya yi ritaya ya miƙa makullan, gaisuwar ta bi su. Wannan abu ya ci masa rai ƙwarai, fiye da yadda zai iya faɗa wa kowa. Yakan zauna a falo da safe cikin guga da turare, kunnensa na ƙofa, amma ba mai ƙwanƙwasawa sai mai karɓar kuɗin shara.

'Yarsa ta fari, wadda take aikin akanta, ita ta jawo mana wannan alheri. Ta ga kuɗin sallamarsa na zagwanyewa a banki, sai ta zauna da shi ta karɓi wayarsa.

"Baba, kasuwar hannun jari tana da ma'auni. An zaɓi manyan kamfanoni an haɗa farashinsu wuri ɗaya. In sun hau, ma'aunin ya hau, in sun sauka ya sauka. To akwai asusun da ba shi da aiki sai sayen ɗan kaɗan daga kowannensu, ya zuba a kwando ɗaya. Kai kuma sai ka sayi yanki na kwandon. Ba ruwanka da zaɓe, ba ruwanka da tsere. Ka saya, ka manta."

Cikin duk wannan bayani, kalma ɗaya ce ta sami masauki a kunnen mahaifinta.

"Kowannensu kika ce? Wato ina da hannu a dukkansu?"

"Ɗan mitsitsi, Baba. Kamar ƙwayar shinkafa a buhu."

"Ai da ƙwaya ake cika buhu," in ji shi, yana gyara zaman hularsa.

Washegari ya fita rangadin dukiyarsa. Ya fara da kantin bakin titi, inda ya tarar an jera sabulu bayansa na kallon jama'a. Ya tsaya ya juya su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambayi mai kanti yadda sabulunmu yake tafiya a wannan yanki. Mai kanti ya zaci wakilin kamfani ne, ya kawo kujera, ya kawo ruwan sanyi, ya fara kukan tsadar kaya. Mai Kwando ya saurara da idon basira, ya yi alkawarin zai duba lamarin, ya sayi ashana ɗaya ya tafi.

A banki kuwa, da layi ya zo kansa, sai ya sunkuya ya yi wa yarinyar da ke bayan gilashi nasiha. "Ki riƙa murmushi, 'yata. Ba ki san ranar da mai wuri zai shigo cikin shigar talakawa ba." Yarinyar ta yi murmushi har kunne, ta shaida masa fanshon wannan wata bai shigo ba tukuna.

Gida ma bai tsira ba. Ya tara iyali ya sanar da su cewa kamfanin wuta yana cikin kwando, saboda haka duk fitilar da aka bari a kunne, aljihunsa na dama ne ke biyan na hagu. Duk da haka bai fasa bin ɗakuna yana kashewa ba, don bai gama yarda da aljihun hagun ba. Uwargidansa, wadda ta ga zamanin makullan sito ta kuma ga ƙarshensa, ta ci gaba da aikinta. Ita ce dai ta fara kiransa Mai Kwando a wayar da take yi da ƙanwarta, daga nan sunan ya fita unguwa. Da ya ji, sai ya ɗauke shi sarauta.

Aikinsa kullum shi ne kallon wani layi mai nuna farashin kwandon a fuskar waya. In layin ya yi kore, sai ya fito ƙofar gida hannu a baya, ya ce wa duk wanda ya gifta, "Yau mun yi ƙoƙari." Can wasu na haɗa siminti, wasu na tuƙa jirgi, wasu na tsaye a gaban injin sabulu tun safe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In layin ya yi ja kuwa, laifin gwamnatocin duniya ne, kuma ya sha gargaɗinsu.

Sai ga wata rana da layin ya yi ja ya ƙi tsayawa. Mai Kwando ya kasa cin abinci. Ya kira 'yarsa, ta ce, "Baba, ka ajiye wayar, haka kasuwa take." Ya ce to, ya kashe kiran, ya shige ɗaki ya kulle, ya ƙudura sai ya sayar da kwandon duka kafin ya zama faifai. Amma wayar ba ta buɗe asusun sai da zanen yatsa, yatsan kuwa ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya goge a riga, ya danna, ta ƙi. Ya hura masa iska, ya danna, ta ƙi. Ya yi ta dannawa har wayar ta yi fushi ta rufe asusun, ta ce sai an tabbatar shi ne. Kunya ta hana shi gaya wa 'yarsa. Kafin ta zo ziyara ta gyara, makonni sun shuɗe, layin ya koma kore har ya wuce inda yake.

Daga nan fa aka shiga uku. Babu wanda ya rage a unguwar bai ji labarin ranar da kasuwar duniya ta girgiza, manyan masana suka zubar da kaya suka gudu, mutum ɗaya ya tsaya ko gezau ba. "Mai haƙuri yakan dafa dutse," yakan ce, yana ɗaga yatsan nan sama don a ga jarumin.

Ana nan sai ƙungiyar 'yan fansho, wadda yake cikinta, ta ga ajiyarta na kwance ba ta haihuwa. Aka yanke shawarar kafa kwamitin jari, a naɗa masa shugaba. Ba albashi, amma akwai ɗan ɗaki a ofishin ƙungiya, da tebur, da ƙofa mai makulli. Da Mai Kwando ya ji batun ƙofar, nan take ya nemi kujerar. Ba kuɗin ƙungiya ne ya dame shi ba, Allah ya sani. So yake a sake ƙwanƙwasa masa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a shigo.

Sai dai akwai abokin takara, wani tsohon kashiya da ake kira Sayi-Sayar. Shi ba ya yarda da kwando. Kamfani ɗaya yake kamawa da safe, ya sake shi kafin la'asar, ya kama wani. Wayoyi biyu gare shi, kuma kullum cikin raɗa yake magana, kamar wanda kasuwa ta gaya wa sirri ta ce kada ya faɗa. Mutanen ƙungiya suna ganin kwarjininsa, don duk wanda ba a gane maganarsa akan ɗauka ya san wani abu.

Ranar zaɓe aka taru a ajin wata makaranta, tsofaffi suka matsu a bencin yara, fanka na kuka a sama. Shugabar ƙungiya, tsohuwar shugabar makaranta ce mai tabarau a karan hanci, ta ba kowa dama ya faɗi abin da zai yi da ajiyar jama'a. Sayi-Sayar ya fara. Ya yi alkawarin ba zai runtsa ba, zai kwana yana gadin farashi, zai shiga ya fita kamar walƙiya. Aka tafa masa sosai.

Mai Kwando ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa.

"'Yan'uwa, abokina ya ce ba zai runtsa ba. Ni wannan ne ma ya ba ni tsoro. Duk shiga da fitar da zai yi, dillali na yankar rabonsa. Ya ci, an yanka. Ya faɗi, an yanka. Wa ya gaya masa ya fi kasuwa wayo? Kamfanin da ya kama da safe, in ya rushe da rana, ina muka nufa? Amma kwando fa? In siminti ya faɗi, sabulu ya tashi. In kamfani ya lalace, ma'auni da kansa zai cire shi ya sa wani. Ba a tambayar kowa. Ba a jiran kowa."

Aka fara gyaɗa kai. Wata tsohuwar nas ta ce, "Gaskiya ne." Gaskiyar ce kuwa, don kusan kalma da kalma maganar 'yarsa ce, ya dai cire sunanta don kada ya wahalar da jama'a. Da ya tsaya a nan, da ya ci zaɓe. Amma tafi giya ne, kuma Mai Kwando ya daɗe bai kurɓa ba.

"Ku ji sirrin da masana suka ɓoye muku," ya ci gaba, muryarsa na ƙara tashi. "Babban abokin gaban jari shi ne mai jarin. Hannu mai ƙaiƙayi. Ido mai leƙe. Baki mai yawan magana. Mutumin da ya dace da wannan kujera ba mai wayo ba ne. Mutum ne da ba ya duba waya, ba ya sauraron jita-jita, ba ya jin kansa wani ne. Kasuwa ta hau, bai sani ba. Ta sauka, bai sani ba. Duniya ta kife, shi yana barcinsa. Ku nemo wannan mutum, ku ba shi amanarku."

Ya buɗe hannuwa, ya ɗan sunkuyar da kai, don a sami sauƙin gane mutumin.

Ajin ya ɗauki tafi. Sayi-Sayar ya mayar da wayoyinsa aljihu, ya san tasa ta ƙare. Shugaba ta jira aka lafa, ta dubi mai jawabi ta saman tabarau, irin kallon da ta shekara tana yi wa yara masu amsa fiye da abin da aka tambaye su.

"Malam, ka wayar mana da kai, Allah ya saka. Bari in tabbatar na fahimta. In mun sayi kwandon nan, shugaban kwamiti zai zaɓi kamfanoni?"

"Ko kusa, ranki ya daɗe."

"Zai riƙa saye da sayarwa?"

"Haram."

"To me zai riƙa yi?"

"Babu komai," in ji Mai Kwando da alfahari. "Nan gwanintar take."

A daidai nan wani sauti ya taso daga bencin baya, mai kauri, mai natsuwa. Kowa ya waiga. Wani tsohon mataimakin darakta ne, wanda ya yi rayuwar aikinsa yana sa hannu a takardun da bai karanta ba. Tun addu'ar buɗe taro ya jingina da bango, hula ta rufe masa ido, baki a buɗe. Bai ji Sayi-Sayar ba, bai ji Mai Kwando ba, tafin ma bai motsa shi ba. Wayarsa na leƙowa daga aljihu, irin mai madannai ce, kuma a kashe take.

Tsohuwar nas ce ta fara dariya, sannan ta ɗaga hannu ta ce ita dai ta ga mutumin da aka siffanta. Wani ya ce ya goyi baya. Sayi-Sayar, wanda ya ga in bai samu ba gara kowa ya rasa, ya ɗaga hannu biyu. Kafin Mai Kwando ya gama sauke nasa hannuwan, an amince da kwando ba hamayya, an kuma naɗa mai barci shugaban kwamitin jari. Baki dai shi ke yanka wuya.

"Ranki ya daɗe, akwai gyara," in ji Mai Kwando. "Misali na kawo. Ba barci na gaske nake nufi ba. Ai ko rashin yin komai yana buƙatar wanda ya san kansa. Ni na kawo kwandon nan. Ni na tsaya ranar da duniya ta girgiza." Ya buga bencin yara da tafin hannu, har ƙura ta tashi. "Ina neman a sake ƙirga hannu."

Shugaba ta ɗora yatsa a leɓe, ta nuna bencin baya da haɓa.

"Malam, sassauta murya," ta ce. "Shugaban kwamiti yana bakin aiki."