Janar Ba-Kuskure a Gonar Inna Laraba

Allah ya albarkaci Kafin Maiyaki da manyan mutane, amma kamar Alhaji Bature babu na biyu. Dillalin hatsi ne, sai dai wannan suna ya yi masa kaɗan. Maharbi yake kiran kansa. Mutanen gari kuwa, don tsabar girmamawa, suka laƙaba masa Janar Ba-Kuskure. Sunan ya dace. Tunda yake bai taɓa kuskuren harbi ba, saboda bai taɓa harbawa ba.

Bindigar tasa gajeriya ce, ƙirar gida, gadon kawunsa. Shekara uku ya yi yana gyaranta. Ya fara kai ta Tudun Wada wurin Ɗanliti maƙeri.

"Ka buɗa mata baki," in ji Janar. "So nake in dabba ta leƙa ciki ta hango lahira."

Ɗanliti ya ce, "Alhaji, za ta yi nauyi fa."

"Ai ba don irinku aka yi ta ba."

Aka buɗa. Ya sa aka naɗe ƙotar da tagulla, aka zana sunansa har da Alhajin. Daga nan ya zarce wurin Sale baduku, aka ɗinka mata kube na jar fata, maɓalli uku, da tuntaye har gwiwa. A cewarsa, babban mutum ba ya saɓa bindiga a kafaɗa kamar mai tallan rake, a ƙugu ake ɗaura ta. Ran kasuwa sai ka gan shi tafe a karkace, kamar motar da aka yi wa lodi gefe guda. Ya zauna a teburin mai shayi, ya yi ta koyar da halayen namun dajin da bai taɓa gani ba sai a waya.

Gab da kaka, wata tsohuwa mai suna Inna Laraba ta zo daga wani ƙauye na Doguwa da ke bakin daji. Gwaggon biri sun sa masararta a gaba, ita ce kuma abincinta na shekara da jikokinta huɗu. Labarin Janar ta ji. Ta durƙusa a gaban jama'a ta gaishe shi, ta roƙe shi don Allah.

Janar ya duba, ya ga idanu sun yi yawa. Ya gyara murya.

"Inna, koma gida. Gobe war haka, biri a Doguwa sai dai a labari."

Washegari da hantsi ɗan acaba ya sauke shi a bakin gonar. Ya umarci kowa ya ja baya, kada ƙarar ta kurmantar da bayin Allah. Ya hau kan wani shuri, ya riƙe ƙugu.

Ba a daɗe ba birai suka fito, sun kai ashirin. Babbansu ya karyo masara, ya zo ya zauna taku biyar daga shurin, yana ɓarewa yana kallon Janar.

Janar ya kai hannu. Maɓalli na farko ya buɗe. Na biyu ya ƙi. Tuntaye suka sarƙe masa yatsu. Ya sa hannu biyu ya fizga da ƙarfin tsiya, sai zariyar wando ta tsinke. Bindiga ta yi ƙasa da nauyinta, ta ja ɗamara da wando har idon sawu.

Birin ya ajiye masara. Ya matso taku biyu, ya yage baki, ya nuna haƙora.

Nan fa Janar ya kurma wani irin ihu. "Wayyo Allah! Inna Laraba! Jama'a!" Tsuntsaye suka tashi daga kan kuka. Birai suka watsar da abin da ke hannunsu, suka afka daji, uwa ba ta jiran ɗa.

Inna Laraba ta ƙaraso tana kau da kai, ta miƙa masa igiyar ɗaurin akuya ya ɗaure wandonsa. Ta zagaya gonar tana duban masararta, ga ta nan tsaye. Idonta ya cika da hawaye, ta dawo ta durƙusa.

"Allah ya saka da alheri, Alhaji. Wata guda muna kaɗa gwangwani, ba su taɓa gudu haka ba. Don Allah gobe ma ka dawo." Ta dubi bindigar a ƙasa. "Amma wannan ƙarfen ka bar shi a gida, kada ya wahalar da kai. Bakinka kawai za ka zo da shi."