Rabin Gashin Bakin Iliya

Laifin matata ne. Ita ta ce tun da Iliya direban motar siminti ya koma shan koren shayi ba sukari, tumbinsa ya sace. Iliya fa!

Washegari, ko karyawa ban yi ba, na kwankwaɗi finjali biyar na dahuwar farko mai ƙarfin nan, na buɗe shagon askina a Malbaza.

Wa zai fara shigowa in ba Iliya ba? Ga shayi ya hau mini kai, aska na rawa a hannuna.

"Wanzam, lafiya?" ya ce.

"Ƙalau," na ce, na kwashe masa rabin gashin baki.

Dole ya aske sauran. Matata ta ce ya ƙara kyau.

Har yau a fadarmu ta shan shayi, da na ɗauki finjali sai kowa ya dafe gashin bakinsa.