Rasuwar Boris ɗin Sitiyarin Jar Tarakta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Mai Tarakta yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar boris ɗin sitiyarin tsohuwar taraktarsa, wato zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da sitiyari yake juyawa a kansa. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a gangaren da kududdufi yake damansa, bayan shekara arba'in da ɗaya a bakin aiki.

Mahaifin Mai Tarakta ne ya ɗaura shi da hannunsa. Marigayi boris ɗin mai haƙuri ne, bai taɓa neman komai ba sai ɗan giris. Aibinsa ɗaya, yana jan tarakta hagu. Shekara goma sha biyar Mai Tarakta yana tuƙi da sitiyari a karkace dama don ya rama, har hannunsa ya saba. Ko keke ya hau, sai ka gan shi yana cin gefen hanya.

Jinyar ta faro bara da wani ɗan "ƙiii" a kwana. Daga baya ta koma "gurr-gurr". Mai Tarakta ya ji, ya cusa giris, ya ce sanyi ne. Ran da abin ya faru, tirela cike take da taki, mai ɗakinsa tana zaune a kan murfin taya riƙe da kular abinci. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce "ƙaras". Sitiyari ya shiga juyawa a banza kamar murfin tukunya, tarakta ta nufi ruwa. Wani kututture ne ya tare ta, saura taku biyu. Baiwar Allah ta sauka, ta tafi gida a ƙasa, ta ce ita da tarakta sai dai kallo daga nesa.

Ya rasu ya bar birki, wanda sa'ansa ne kuma shi ma ba lafiya ce ta ishe shi ba, da kuloci, da tayoyi huɗu masu sanƙo.

Bakanike ya kwance sitiyari, ya buge gawar da guduma ta fito, ya ɗaura sabo. Da ya goge hannu sai ya ce, "Yanzu sak take tafiya, Maigida. Saura hannunka, shi kuma ba ni da sifanarsa."

Gaskiya ya faɗa. A gwajin farko Mai Tarakta ya kwashe shingen maƙwabci ta dama, a na biyu ya taka tulun ruwan kaji, shi ma ta dama. Tsoro yake ji, ba ya ɓoyewa. Ruwa ya sauka, gona tana ƙasan gangaren, babu wata hanya, kuma in Asabar ta wuce ba a yi huɗa ba, bana ta wuce shi.

Za a binne marigayin ranar Asabar da safe a gindin kututturen nan. Mai Tarakta da kansa zai sauko da gawar a kan tarakta. Ana roƙon masu rakiya su tsaya ta hagu. Waɗanda suka iya iyo kuma, don Allah, su jira ta dama, su zo da igiya.