Kwanon Dambu a Jirgin Yamai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara hawa jirgin sama ba, daga Maradi zuwa Yamai.

Tun da matata ta rasu ni kaɗai ne a gidanmu na unguwar Zariya a Maradi, sai na yini ban yi magana da kowa ba. Shi ya sa nake son tafiya Yamai a babbar mota. Yini guda kuna tare, a ci guzuri tare, kafin Doso kowa ya san sunan jikokin kowa. Sai ɗiyata Rabi da ke Yamai ta ce na tsufa da wannan wahala, ta aiko min da tikitin jirgi.

"Baba, awa ɗaya ce da 'yan mintoci," in ji ta a waya.

Na ce to, amma a raina na ce lallashi ne irin na yara. Na aika ƙauyen Jiratawa aka samo min zogale, maƙwabciya ta yi min dambu cike da kwano, har da zabi biyu. (Cokula shida na saka a jaka, don Allah kada ku tambaye ni dalili.)

A mota ba a buɗe guzuri da wuri, sai an wuce Ƙonni yunwa ta taɓa kowa. Don haka da na shiga jirgi, na rungume kwanona ina jira. Na kusa da ni wani Alhaji ne, idonsa a rufe. Da na gaji da shirun, na taɓa shi.

"Alhaji, mun wuce Tsibiri kuwa?" Garin nan ne da ke dab da Maradi.

Ya buɗe ido ɗaya. "Tsibiri? Baba, ai ko Ƙonni ta daɗe a baya."

Hankalina ya tashi, lokacin abinci ya wuce ban yi wa mutane tayi ba! Na kwance ɗamarar kujera, na miƙe, na buɗe kwano, na ɗaga cokula.

"Jama'a, bismillah! Ga dambu!"

Daidai nan aka yi sanarwar sauka. Ma'aikaciyar jirgi ta taho da sauri. "Baba, don Allah zauna, mun iso!" Jirgi ya ɗan karkata, dambu ya zube a farar shaddar Alhaji. Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ƙona min rai. A mota da an yi ta tsokanata har Yamai, da na samu abokai.

Alhaji ya karkaɗe rigarsa, ya sauka ko sallama babu. Har yau ban san sunansa ba.

Rabi ta tarye ni da murna. "Ka gani, Baba? Ba gajiya!"

Na ce haka ne. Amma a mota na komo gida, bayana na ciwo, kwanona fayau, mun cinye guzuri da abokan tafiya. Na gane wanda ba kowa a gidansa, ba saurin isa yake nema ba.