Girbi Kafin Shuka

Tun da Sani mai hoto na Kusada ya samo tsohon littafin hotunan Japan, ƙyashi ya hana ni sakat. Ni da na shekara goma ina tara littattafan hotuna a Kankiya! Na sa aka nemo mani nawa, na manoman shinkafa na Japan, na kai majalisa ina buɗawa ina bayani.

"Kun gani? Can sai sun girbe suke shuka. Ci gaba ke nan!"

Sani ma yana zaune cikin manoman da ke wajen. Ya karɓi littafin cikin ladabi, ya juya shi.

"Yaya, daga dama ake buɗe shi, kamar na Larabci."

Har yau, da ruwan shuka ya sauka sai a tare ni: "Malam, an gama girbi lafiya?"