Ranar da na titsiye surukata a waya

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na tsare matar ɗana da tambayoyi kamar jami'in kan iyaka, a gaban jama'a kuwa, a ƙofar gidana da ke Tudun Wada.

Na yi ƙuruciyata ina fataucin goro da albasa. Kumasi, Abijan, Yamai, Garwa, duk na kwana a tashoshinsu. Na tsinci Faransanci na kasuwa, da Yarbanci, da Fillanci, amma babbar tsarabar da na dawo da ita gida ita ce zargi. A Abijan na ga mutumin da ya sayar da shagon da ba nasa ba. A Kumasi, macuci sai ya fara tambayar lafiyar mahaifiyarka kafin ya taɓa ka. Saboda haka da yarana suka saya mini babbar waya, wai mu riƙa magana muna ganin juna, na karɓe ta ne kamar baƙon da ban san asalinsa ba. Ana cikin haka aka yi wa maƙwabcina Malam Sale kiran ƙarya, wai ɗansa ya yi hatsari, aka cuce shi. Daga ranar na naɗa kaina malamin majalisarmu a kan 'yan damfara. (Babu wanda ya roƙe ni.)

Babban ɗana yana aiki a Fatakwal. Matarsa Bafulatana ce daga wajen Doguwa, ta tafi gidan iyayenta haihuwar fari. Suna ya zo ina kwance a Kano an yi mini aikin ido. An dai gaya mini an yi mini takwara, amma ban ga yaron ba.

Bayan na dawo, muna zaune a majalisa da la'asar, sai ga kiran bidiyo daga lambar da ban sani ba. Na ɗauka. Ba na ganin komai sai rufin kwano da gefen mayafi. Wata murya can ƙasa ta ce, "Baba, ina wuni. Ya ƙarfin jiki?"

Na ƙara murya don kowa ya ji, na ƙyafta wa mutanen ido, yau za su ga darasi a aikace.

"Lafiya lau. Wace ce?"

"Ni ce, Baba."

"Ke wa?"

"Ta Doguwa."

"Doguwa gari ne babba. Matar wa?"

Ta ce, "Matar ɗanka."

"'Ya'yana maza suna da yawa. Faɗi sunansa."

Shiru. Na dubi majalisa ina murmushi. (Ku lura, ni kaina tun da aka haifi yaron nan sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, ɗan fari ne. Amma a lokacin wannan bai faɗo mini ba.)

"To nuna fuskarki."

Mayafin ya ƙara rufe hoton.

"Jaririn da aka haifa fa, ya sunansa?"

"Sunanka ne, Baba."

"Faɗe shi in ji."

Malam Sale ya ja hannun rigata. "Alhaji, anya kuwa? Yarinyar nan kamar kunya take ji."

Na ce, "Kai da aka riga aka wanke, bar mu mu yi aiki."

Daga nan na buɗe wuta. Na ce mata na san irinsu tun ba a haifi uwarta ba. Na kira ta ɓarauniya da Hausa, na maimaita da Faransanci, na ƙara da Yarbanci ko daga Ikko take. Don dai majalisa ta san na yi yawo, sai na rufe da Fillanci, na ce mata gujjo, wato ɓarauniya, na haɗa har da wanda ya ba ta tarbiyya.

Hoton ya girgiza, rufin kwanon ya wuce, sai ga fuskar dattijo da farin gemu. Ko da sabon idona da ke ruwa na gane shi. Malam Buba ne, mahaifinta, mutumin da na durƙusa a gabansa na nema wa ɗana aure.

A natse ya ce, "Alhaji, barka da yamma. Wayata ce. Uwarta ce ta matsa mata ta kira, ka ga takwaranka. Gujjon 'yata ce, wanda ya ba ta tarbiyya kuma ga shi kana kallo."

A bayansa ina jin sheshsheƙar kuka, kuma ba ta jariri ba ce.  Majalisa kowa ya sami abin kallo a ƙasa, ban da Malam Sale da ya tsura mini ido yana gyaɗa kai cikin jin daɗi.

Washegari na kama hanyar Doguwa da turmin atamfa da sabulu da kayan jariri, ina fargabar kada su ce 'yarsu ba za ta koma gidan da ake zaginta ba. Malam Buba ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura da nono. Sai da na sha sannan ya ce, "Fillancinka yana da kyau, Alhaji. Sai dai ka fi ƙwarewa a ɓangaren zagi."

Kakar yaron ta miƙo mini shi. Uwarsa kuwa tana bayan labule. Na ba ta haƙuri da Hausa zalla. Daga bayan labulen ta ce, "Ba komai, Baba. Allah ya ƙara lafiya."

Har yanzu ban daina zargin lambar da ban sani ba. Sai dai na gyara jarrabawar. Ɗan damfara ba ya jin nauyin kowa, duk sunan da ka tambaya zai rattabo maka har da na kakanka. Wanda ya gaishe ni ya yi shiru yana nuna mini rufin ɗaki, wannan na gida ne.