Katafilar da ke Zagaya Wuri Ɗaya

Tun makon jiya ake yaɗawa a garinmu wai aljanu sun hau ƙaramar katafilar nan da aka kawo mana. A bakin rijiya na fara ji, na sake ji a gidan suna, kafin Juma'a har an san sunan aljanar da adadin 'ya'yanta. Hujjar mutane ita ce da zarar direba ya tayar da ita ya nufi kwazazzabon da ya yanke hanyar fadama, sai ta ƙi gaba, ta yi ta zagaya wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Wai tsamiyar da aka sare a bakin hanya gidansu ce.

Ni dai ban musa akwai aljanu ba, Allah ne ya halicce su. Amma na tsufa ina koyar da 'ya'yan mutane, kuma duk abin da aka taɓa ce mini aljani ya ɗauke a makaranta, daga baya na same shi a gidan wani mai hula.

Ga wanda bai san ta ba, wata 'yar guntuwar katafila ce mai taya huɗu da cebur a gaba. Kwamitin Ceto Hanyoyinmu ne ya kawo ta, Allah ya ƙara masa kujeru. Da ta lalace aka yi taron gyara, Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle ya zo da kansa. Aka ɗora wani sabon ƙarfe rawaya a kan tebur, aka ce daga waje aka yo odarsa. Aka ɗaura, ta miƙe sambal, ta zuba cebur ɗaya na ƙasa a kwazazzabon, masu hoto suka ɗauka, muka yi guɗa. Da yamma aka tafi da ita wai za a ƙara duba ta. Da ta dawo sai rawa.

Da abin dariya ne kawai da na yi shiru. To maƙwabciyata Baturiya tumatirinta ya nuna a fadama, kuma da shi take riƙe da marayun ɗanta. Motar 'yan gwari ba ta iya tsallake ramin. Ta gwada ɗorawa a acaɓa, kafin a kai titi rabin kwando ya zama miya. Ita ce ma ta fi kowa ƙoƙari da aka ce a haɗa ragon sadaka don a lallashi mutanen tsamiya. Sakataren kwamiti bai ce akwai aljanu ba, bai kuma ce babu ba, cinya dai ya ce a kai masa gida.

Ran Litinin na yafa mayafi na hau mota zuwa Kwanar Dangora, garejin Ghali, wanda shi ne bakaniken kwamiti. Ghali ɗalibina ne, a kujerar baya ya yi zamansa har ya gama. Yana ganina ya durƙusa da sifana a hannu, ya tambayi ƙafata, ya tambayi jikoki, ya sa a kawo mini benci. Na lura gaisuwar ta yi tsawo, irin ta wanda bai yi aikin gida ba.

A gabansa ga wata katafila irin tamu sak, ta wani gari ce can wajen Bebeji. An ɗage ɗakin direba sama, an ɗora ta kan kututture, tayoyin suna lilo. Na ce ya ci gaba da aikinsa, kallo na zo yi. Ya tsiyaye man da ke gefen hagu a bokiti, ya sassauta sarƙar da ke ja tayoyin. Kowane tiyo ya kwance sai ya ɗaura masa tsumma mai launi dabam don kada ya rikice, ya toshe bakinsa saboda yashi. Yana yi yana gaya mini, ba tare da ya kalle ni ba, cewa irin wannan katafila ba ta da sitiyari. Ƙananan injina biyu gare ta masu aiki da ƙarfin mai, ɗaya na juya tayoyin dama, ɗaya na hagu. Na tambaye shi in babu na hagu fa. Ya ce to sai dai ta yi ta zagaye.

Na ce, "Kamar mai aljanu?"

Ya ce, "Malama, ni ban taɓa cewa aljanu ba."

Ya kwance notoci, shi da abokin aikinsa suka zaro injin suka dire a ƙasa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu notin da ya yi masa gardama. Mai gidana, Allah ya jiƙansa, ya yi rayuwarsa da injin ban ruwa, na san yadda tsohon noti ke sa dattijo zagi. Waɗannan kuwa da yatsa ma sai su fita, sun saba hanya.

Na matsa kusa. Ƙarfen kore ne shar, sabon fenti. Na ciro makullin ɗakina na kankare gefe kaɗan. Ƙarƙashin koren sai ga rawaya, irin wanda muka yi wa guɗa. Na ƙara kankarewa, sai ga ja. Ghali ya ce don Allah in bari haka, fenti ya yi tsada, kuma jibi ake jiran injin a wani gari wajen Doguwa, shuɗi suka ce suna so.

Daga nan bai ƙara ɓoye mini komai ba. Katafila huɗu kwamiti ya raba wa garuruwa huɗu. Na hagunsu duk sun mutu, aka yi odar huɗu, ɗaya ya iso. Sauran ukun suna hanya, kuma sun daɗe a hanyar har ana zaton sun yi aure a can. Shi ne wannan ɗayan yake yawo, duk inda za a yi taro a yi masa wanka a kai shi. Ya ga Kiru, ya ga Bebeji, ya fi ni sanin ƙasar nan.

Na ce ai ko ɗan aji uku ya san in aka haɗa injinan da ke akwai, katafila biyu za su tashi lafiya lau, su bi garuruwan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wallahi ya faɗa, har gaban Mai Girma. Mai Girma ya yaba masa ƙwarai, ya ce yaro ne mai basira, sannan ya tambaye shi, in duk suka gyaru, me za a riƙa ƙaddamarwa?

Ku ji hangen nesa. Mu da muke tsugune a ƙauye tunaninmu bai wuce tumatir ba, su kuwa manya suna tunanin makomar taro. Na roƙi Ghali ya ara mana injin ko na wuni ɗaya ne, a cike ramin a mayar. Ya ce da ransa zai so, amma fentin ba zai bushe ba, kuma layinmu sai ya sake zagayowa, bayan damina ta sauka.

Da la'asar na dawo na tarar da Baturiya a tsakar gida, ta baje tabarmi, tana yanka tumatirin tana shanyawa. Kauɗa za ta yi, ko a tsira da wani abu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yaya, me aljanun suka ce suna so kuma? Wani ragon?"

Na ce mata babu aljani ko ɗaya. Katafilarmu ba ta da injin hagu. An cire shi tun daren da muka yi guɗa, jibi yana Doguwa.